Dabo Don-Me da Geron Kakansa

A Gidan Marke, wani ƙauye da ba shi da nisa da Sandamu, in ka ce kana neman Malam Dabo sai an tambaye ka wanne, domin su uku ne. Amma in ka ce Dabo Don-Me, ko matar da ba ta leƙa waje za ta kwatanta maka gidan daga bayan zana. Tun yana yaro ya samu sunan, don ba a gaya masa magana ya ce to ya yi shiru. A ce masa kada ya zauna a bakin rijiya, sai ya ce don me. A ce ba a shuka ranar da aka yi ruwan farko in bai jiƙa ƙasa ba, sai ya je ya tona da yatsa ya ga iya inda laimar ta tsaya. Gemu ya fito, ya yi furfura, halin yana nan inda yake.

Ana ba da labarin wata Laraba da ya kai akuya kasuwar Daura, ya tarar ana haƙa rijiyar burtsatse a bakin hanya. Ya ɗaure akuyar a jikin wata darbejiya, ya tsuguna yana kallon injin yana cin ƙasa, yana yi wa masu aikin tambaya har suka gaji suka ba shi kujera. Da ya tuna da abin da ya kawo shi, kasuwa ta watse. Haka ya dawo gida da akuyarsa, yana ta yi wa matarsa Kubura bayanin kalar ƙasa bakwai da ke ƙarƙashin Daura, ita kuwa tana jiran cefane.

Da wannan ne kaɗai abin da aka san shi da shi, da mutane sun ɗauke shi abin raha kurum. Amma Dabo shi ke riƙe da geron Tanimu. Tanimu kakansa ne, shi ya zo da irin daga arewa a kan jaki, gero mai dogon kai wanda zangarniyarsa takan kai tsawon hannun babban mutum. Yana da nawa wajen nuna, sai damina ta yi nisa, amma furarsa tana da wani garɗi da tsofaffin garin ke ganewa tun daga kurɓin farko. A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a mahaifin Dabo ya rasu, kula da irin ya dawo hannunsa. Kowace kaka, kafin a sa lauje, sai ya shiga gona shi kaɗai ya zaɓi kawunan da suka fi cika, ya ɗaure su dami guda da jar kaba, ya barbaɗe da toka da ganyen darbejiya, ya rataye can saman rumbu inda hannun mai ɗiban abinci ba ya kaiwa.

Irin nan yana da ƙa'idarsa tun zamanin Tanimu. Ba a sayar da shi, kuma duk wanda ya roƙa ba a hana shi. Sai dai wanda aka ba, in ya yi girbi, zai zaɓi zangarniya ɗaya mafi kyau ya kawo wa wanda ya ba shi, ya rusuna ya miƙa da hannu biyu, ya ce, “Ga kan irinku ya dawo gida.” Shi kuma mai karɓa ya ce, “Allah ya raya shi a hannunka.” Dabo ya taɓa tambayar mahaifinsa don me ake wannan, tun da zangarniya ɗaya ba ta cika ko ludayi. Tsohon ya ce haka ya tarar. A duk tambayoyin da Dabo ya yi a duniya, wannan ce ta daɗe tana yi masa ƙaiƙayi, don babu wanda ya rage da zai tambaya.

Sai ga shekarar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur. Komai ya tashi, har kuɗin niƙa da na gishiri. Daminar da ta wuce ba ta yi albarka ba, mutane suka sayar da abin da bai kamata su sayar ba don su sayi abin da ba a nomawa. Kafin a sha ruwan azumin ƙarshe, rumbun Dabo ya fara amsa kuwwa in an buga shi. Gidan da ake ɗora tukunya sau uku ya koma sau ɗaya, da rana a jiƙa gari a sha. A cikin wannan hali autarsu Khairunnisa ta dawo gida goyon ciki, haihuwarta ta fari, ta kuwa sauka lafiya ana saura mako biyu Babbar Sallah.

Kubura ta fi sau uku tana ɗaga kai ta dubi saman rumbu in suna tsaye a tsakar gida. Shi ma yakan ɗaga kai, kowa ya san abin da ɗan'uwansa ke kallo. Damin nan mai jar kaba shi ne kaɗai geron da ya rage a gidan, ga mai jego ana yi mata wankan ruwan zafi safe da yamma babu kunun kanwa mai kauri da zai biyo baya.

Ana nan sai mai unguwa ya yi shela cewa gwamnati ta kawo tallafi ga manoma saboda tsadar rayuwa, kowa ya je Sandamu ranar Litinin. Dabo ya tashi da sassafe ya goge tsohon babur ɗinsa. Yana fita ya ce wa Kubura, “Yau za a ba mu iri da taki. Ki yi mana addu'a layin ya zo kanmu.”

Layin ya zo kansa bayan azahar. Aka ba shi buhun takin zamani da wata leda mai nauyin tiya guda. Sauran mutane suna karɓa suna ɗaurewa a babur suna wucewa, shi kuwa a nan bakin tebur ya warware ledar. Gero ne, amma launinsa ruwan hoda kamar an yi masa kwalliyar biki. Ya shinshina, ya murza a tafin hannu, ya dubi yarinyar da ke rabon, wata malamar gona mai suna Raihana.

“Malama, don me geron gwamnati ya yi wannan kala?”

“Magani ne, Baba, na ƙwari da na ruɓewa a ƙasa. An sa masa kalar ne don kada wani ya ɗauka na ci ne. Ko an wanke ba a ci, ko kaza kada a ba.”

“To, kwana nawa yake yi?”

“Saba'in zuwa saba'in da biyar ka fara cin tumu.”

Dabo ya ƙirga kwanakin a ransa. Ke nan tun ana tsakiyar damina, lokacin da yunwa ta fi cizo, za a samu na sawa a baka. Abin ya burge shi ƙwarai. Amma bai matsa ba, duk da na bayansa sun fara tsaki. Ya ce yana da wani gero na gado, ya kuma lura tun yana saurayi in aka shuka shi kusa da wani gero, baɗi sai 'ya'yan su fito ba su nan ba su can. Don me?

Raihana ta ajiye biron hannunta. Da alama tun safe ba wanda ya tambaye ta komai sai ko za a ƙara masa buhu. Ta ce bununin da ke zuba daga kan gero in ya yi huda, shi iska ke ɗauka ta kai wa na kusa, a nan ake gaurayar. In ɗaya ya gama bununi kafin ɗayan ya fid da kai, ba abin da zai haɗa su ko da kunyarsu ɗaya. Ta ƙara masa da cewa takin nan kada ya watsa shi, ya riƙa zuba cikin murfin kwalbar lemo a gindin kowane rami, zai kai shi nesa. Dabo ya hau babur yana murmushi shi kaɗai. Shekara arba'in yana ganin abu, yau yarinyar da ba ta girmi autarsa da yawa ba ta warware masa shi a tsaye.

Ya iso gida da la'asar. Tun daga zaure ya ji ƙamshin kunun kanwa, har ya fara cewa Alhamdulillahi, wata maƙwabciya ta taimaka. Sai idonsa ya sauka a gindin turmi. Ga ƙaiƙayi an tara gefe guda, ga kuma jar kaba a yashe a ƙasa, da ƙullin da shi kaɗai ke yin irinsa.

Ya sunkuya ya ɗauki kabar. Kubura ta fito daga ɗakin mai jego da ƙwarya a hannu, ta gan shi, ta tsaya.

“Duka?” in ji shi.

“Duka, Malam. Na surfa, na jiƙa, na kai niƙa. Kai da bakinka ka ce yau za a ba ku iri.” Sannan ta ce, “Ba zan ɓoye maka ba, na san abin da na daka. Tun jiya nono bai zo wa yarinyar nan ba, jaririn yana ta tsotso a banza. Na duba sama, na duba ɗaki, na zaɓa.”

Dabo ya buɗe baki, kuma a karo na farko a rayuwarsa bai ce don me ba, domin amsar tana kuka a cikin ɗaki. Ya zauna a kan turmin da aka kifar. Baƙin ciki ya cika shi, ga shi ba wanda zai ɗora wa laifi. Khairunnisa ta turo masa kunun a ƙaramin kwano, tana cewa daga ciki, “Baba, ka sha, ya yi daɗi.” Ya kurɓa. Garɗin nan ne na geron Tanimu, bai taɓa jin ya fito sosai kamar ranar ba.

Kashegari aka yi ruwan shuka. Ya ɗauki sungumi ya shuka geron gwamnati a babbar gona, Kubura na binsa tana jefa iri da leda a hannu saboda maganin. Da suka gama sai ya shiga zagaye. Ba ya buƙatar takarda, duk wanda ya taɓa rusunawa a zaurensa ya ce ga kan irinku ya dawo gida, yana riƙe da fuskarsa. Ya fara da Amadu maƙwabcinsa, ya ce ko da cikin tafi ne. Amadu ya sunkuyar da kai ya ce nasu tun azumi suka cinye. Ya je ƙauyuka huɗu a kwana uku, a ƙafa, don man babur ya fi ƙarfinsa. Ko'ina labarin ɗaya ne: an ci, ko an gauraya da na kasuwa, ko an bar shi tun bara. Wata tsohuwa ta kawo masa wani a tsumma tana rantsuwa shi ne, ya duba ƙwayar ya ga gajeren gero ne, ya yi mata godiya ya karɓa don kada ta ji kunya.

Rana ta huɗu yana zaune a zaure yana kallon babur ɗin da ya ƙi tashi, ya cire fulogi yana hurawa. Fulogin ne ya tuna masa da Cletus.

Cletus mutumin kudu maso gabas ne, Kirista, mai shagon kayan gyaran babur a Daura, ya fi shekara ashirin a garin har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan boko. Shekara uku da suka wuce Dabo ya tsaya a shagonsa sayen fulogi, da wata zangarniya da aka dawo masa da ita ɗaure a bayan babur. Cletus ya fito yana auna ta da hannunsa, ya ce bai taɓa ganin gero mai wannan tsawo ba, a ba shi mana. Da wasa ya faɗa. Amma ƙa'ida ba ta ware mai wasa ba, ba ta kuma ce sai mai gona ba, don haka Dabo ya kwance ya ba shi.

Ya sami mai kai shi Daura a bayan a-kori-kura. Duk hanya yana gaya wa kansa kada ya sa rai: shekara uku, a shago, ga ɓera ga ƙwari. Ya yi sallama, Cletus ya taso yana cewa, “Baba Dabo, yau wace tambaya ka kawo mini?” Shi kuwa Dabo idonsa na kan bango. Can saman ƙofar baya, kusa da inda hayaƙin janareto ke shigowa, tsakanin kacar babur da wata tsohuwar kalanda, ga ta nan rataye a ƙusa. Ta yi baƙi ƙirin da hayaƙi, ƙasanta ƙwari sun cinye, amma daga tsakiya zuwa sama ƙwayoyin suna nan a jere.

“Cletus, iri na zo roƙo.”

Cletus ya yi dariya, ya ga tsohon ba dariya yake ba, ya daina. Dabo ya gaya masa komai, har da kunun. Cletus ya taka benci ya sauko da zangarniyar, ya hure ta a hankali.

“Ni ado na ɗauke ta. Masu zuwa sayen kaya sukan tambaya, in ce wani abokina ne ya ba ni. Matata ta sha cewa in jefar.” Ya naɗe ta a takarda ya miƙa masa. “Amma Baba, wannan za ta tsiro kuwa?”

“Abin da nake so in sani ke nan,” in ji Dabo.

A gida ya murje ƙwaya ɗari daidai, ya shimfiɗa su a jiƙaƙƙen tsumma, ya rufe da ƙwarya a gindin randa. Kwana ɗaya, ba komai. Kwana biyu, wasu suka kumbura suka fara wari. A rana ta uku ya buɗe sau biyar har Kubura ta ce in ya ci gaba da leƙe ko mai niyyar fitowa zai fasa. Ita da take faɗin haka, ya lura tulun da take zuba wa randa ruwa ba ya ƙarewa a 'yan kwanakin nan, kullum tana da dalilin zuwa wajen. Da safiyar rana ta huɗu ya dawo daga masallaci ya same ta tsugune, ƙwaryar a buɗe.

“Malam, zo ka gani. Idona ne, ko kuwa?”

Farin zare siriri ya fito daga ƙwaya tara. Dabo ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya kira Khairunnisa ita ma ta ƙirga da jariri a kafaɗa, aka tashi a tara ɗin dai. Kubura ta ja gefen zanenta ta share ido, ta tashi ta shiga madafa.

Sauran ƙwayoyin ya shuka su a ɗan filin bayan gida, yana zuba da yawa a kowane rami tun da ya san mafi yawansu matattu ne. Rami arba'in da biyu suka tsiro. Ya bi su da takin gwamnati, murfin kwalba ɗaya ɗaya kamar yadda Raihana ta ce. Da ta zo zagayen duba gonaki ya ja ta har bayan gida ya nuna mata, ta ce tun da wannan ya yi kusan mako biyu a bayan na gwamnati, ga shi kuma mai nawa ne, bununinsu ba zai haɗu ba. Ta ɗauki hotonsa a waya, ta tambayi sunan irin, ya ce geron Tanimu, ta sa ya maimaita.

Geron gwamnati bai saɓa alkawari ba. Kwana saba'in da 'yan kai suka fara gasa tumu, gidan ya koma ɗora tukunya sau biyu, kumatun jaririn suka ciko. Dabo yakan ce furarsa ba ta da labari, amma yana shanyewa har ya kaɗa ƙwarya. Na bayan gida kuwa sai da kowa ya girbe nasa sannan ya fid da kai, don haka duk tsuntsayen garin suka dawo kansa. Kubura ce ta yayyaga tsohon gidan sauronta, ta ɗinka wa kowace zangarniya riga, ta kuma ɗauki tabarma ta koma can da yini, da gwangwani da tsakuwa a ciki. Ba wanda ya sa ta, kuma Dabo bai taɓa tayar da maganar turmi ba.

Ranar da ya yanka, ya ɗaure dami da jar kaba, ƙarami ne bai kai rabin na da ba. Amma kafin ya rataye, ya zare wadda ta fi duka tsawo da cika, ya naɗe a sabon ƙyalle, ya sa rigarsa ta Juma'a ya nufi Daura.

Shagon Cletus cike yake da 'yan acaɓa. Dabo ya tsaya har aka sallami na gaba, sannan ya cire takalmi, ya rusuna a kan simintin da ya sha baƙin mai, ya miƙa zangarniyar da hannu biyu. Shekara ashirin da huɗu yana jin kalmomin nan daga bakin mutane, bai taɓa furta su ba, sai ya ji sun yi masa nauyi a harshe.

“Ga kan irinku ya dawo gida.”

Cletus ya rikice, ya goge hannu a wando, ya ce, “Haba Baba, tashi don Allah. Ni da ba ni da ko kunya ɗaya ta gona.”

“Kai ka ba ni iri. Karɓa za ka yi, ka ce Allah ya raya shi a hannunka.”

Cletus ya karɓa da hannu biyu, ya faɗa a hankali kamar mai tsoron kuskure. Sannan ya juya zangarniyar yana kallo, ya ce, “Amma don me ake yin haka?”

Dabo ya miƙe yana dafa gwiwa. “Na tambayi babana, ya ce haka ya tarar. Bana na gane da ƙafata. Don ranar da naka ya ƙare, ka san ƙofar da za ka buga.”

Cletus ya jawo benci zai rataye ta a gaban shago inda kowa zai gani. Dabo ya ce a'a, ya mayar da ita ƙusar nan ta da, inda hayaƙi ke bugunta, don shi ya hana ƙwari cinye waccan duka. Ya tsaya har ya ga ta zauna daidai, sannan ya sa takalminsa.